Gurasa: Baƙuwar da ta zama 'yar gida a Kano

Ɗalibai, ko kun san gurasar da kuke saya a bakin makaranta baƙuwa ce? Ana danganta zuwanta Kano da fataken Larabawa masu keto Sahara. Sunanta ma daga Larabci ya samo asali, haka na tanderu, tukunyar da ake manna ƙullin a cikinta ya gasu. Kanawa suka ƙara mata garin ƙuli-ƙuli, man gyaɗa da albasa, ta zama bandashe.

Yau da ita gidaje da dama ke ci a Cediyar 'Yan Gurasa. Shi ya sa a Fabrairun 2024 mata masu gasa ta suka yi zanga-zanga kan tsadar fulawa: in tanderu ya huce, tukunyar gida ma ta huce.