Abin da tsofaffin katunan gidan waya suka riƙe na titunan Legas

Ranar Lahadi 11 ga Satumba, 2016, ana jajibirin Babbar Sallah, aka rushe Ilojo Bar, tsohon benen nan mai fasalin ginin Brazil da ke kusa da Dandalin Tinubu a tsibirin Legas. Tun 1956 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, amma wannan matsayi bai hana shi zama kufai ba. Wanda yake son sanin kamanninsa a yau, sai dai ya nemi hoto. Yawancin tsofaffin titunan tsohon babban birnin tarayya haka suke, kuma wani kaso mai tsoka na hotunansu na farko yana kan katunan gidan waya ne, waɗanda ake liƙa wa kan sarki a aika ba tare da ambulan ba.

A daular Ostiriya da Hangari aka fara fitar da katin gidan waya a 1869. Birtaniya ta yarda 'yan kasuwa su buga nasu masu hoto a 1894, sannan a 1902 ta amince a raba bayan katin gida biyu, gefe guda na saƙo, ɗayan na adireshi. Daga nan kasuwar ta buɗe. Ma'aikatan mulkin mallaka, 'yan mishan da akawun kamfanoni suka riƙa aika wa iyalansu hoton garin da aiki ya kai su. Ba Turawa kaɗai suka ci wannan kasuwa ba. Masu ɗaukar hoto 'yan Afirka ta Yamma, irin su N. Walwin Holm da H. Sanya Freeman a Legas, da Jonathan Adagogo Green na Bonny, duk hotunansu sun hau kati.

Amfanin katin ga mai binciken tarihin titi shi ne yana zuwa da shaidarsa a jikinsa. Hatimin gidan waya yana ɗauke da kwanan wata. Kan sarkin ma yana magana: wanda aka rubuta sunan Legas kaɗai a kansa an buga shi ne kafin a haɗe ta da Kudancin Najeriya a 1906, wanda kuwa ke ɗauke da sunan Najeriya zalla daga 1914 ne zuwa sama. Sai abin da ke cikin hoton kansa. Idan layin dogo ya ratsa titin, to ana cikin zamanin ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari da ya yi aiki daga 1902 zuwa 1933. Gadar Carter ta farko an buɗe ta a 1901, an kuma sake gina ta daga baya, don haka siffarta kaɗai ta isa ta rage wa mai bincike zato.

Titin Marina ya fi kowane nuna wannan. A tsofaffin katuna, ruwa yana daf da bakin titin, ga gadojin sauke kaya na kamfanoni sun miƙa cikinsa. Cike bakin ruwan da aka yi daga baya domin shimfiɗa manyan hanyoyi ya tura gaɓar can nesa, har matashin da ke ratsa wurin a yau zai yi mamakin inda sunan ya samo asali. Sunaye ma sun sauya: titin Victoria ya koma Nnamdi Azikiwe, filin sukuwa ya zama Dandalin Tafawa Ɓalewa. Katin yana riƙe da tsohon suna tare da fuskar wurin, abin da taswira ba ta iyawa.

Sai dai kati ba ya rasa yaudara. Hatimi yana faɗin ranar da aka aika shi ne kurum, alhali mabuga sukan yi shekaru suna maimaita hoto ɗaya, wani lokaci su shafa masa launi da hannu, ko su sauya rubutun da ke ƙasansa. Mafi muhimmanci, abin da mai saye ke so aka ɗauka: sakatariya, coci, kotu, gidan gwamna. Lungunan Isale Eko, inda akasarin mutanen gari suke zaune, ba su samu irin wannan gata ba. Saboda haka gogaggen mai tara kati yakan fi zura ido a gefen hoto, inda mai talla ko allon wani shago ya shiga ba da niyyar kowa ba.

Tun da an yi katunan ne don a aika waje, a waje akasarinsu suke. Ana gwanjonsu a shafukan eBay da Delcampe, da dala da yuro, kuma cibiyar adana hotuna ta Eliot Elisofon da ke ƙarƙashin Smithsonian a Washington tana da tarin katunan Afirka mai yawa. A ganina, nan ne ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da NIPOST da ofisoshin adana takardun tarihi na Ibadan, Enugu da Kaduna su shigo, ko da da neman kwafin abin da ke hannun masu tarawa ne, gaba da baya, domin bayan katin rabin shaida ne.

Abuja kuwa lamarinta daban ne. Lokacin da gwamnati ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin kati ya kusa shuɗewa, ba a jima ba kuma wayar hannu ta ƙarasa shi. An rushe kasuwanni, an tashi unguwanni, an sauya wa tituna suna, hotunan kuwa suna cikin tsofaffin albam da wayoyin ma'aikatan da suka zo tun farko, galibi babu kwanan wata, babu sunan titi.