Adashina Da 'Yan Tsaki 10

'Yan uwana 'yan mata, da na kwashi adashi sai na sayo 'yan tsaki 10, ina lissafin ɗinkin Sallah. Wallahi daren farko 3 suka mutu! Na sha kuka. Inna ta ce, "Ke 'yar nan, hunturu ake, ga su ba uwa."

Ta zuba ɓuntu a tsohon baho, ta girke fitilar ƙwai a tsakiya. In sun cure wuri guda, sanyi suke ji. In sun guji fitilar, zafi ya yi yawa. Ruwansu a murfin kwano da tsakuwa ciki, kada su nutse. Da hantsi kuwa ƙarƙashin kwando, saboda shirwa.

Alhamdulillahi, sauran 7 duk sun rayu. Ƙawata, tanadi ɗumi kafin ki sayo.