Sauya Bushin Ƙaramin Firam a Motar Kai Kaya Mai Lantarki

A ƙarƙashin yawancin motocin zamani akwai wani kakkauran ƙarfe da ake ɗaure shi a jikin bodi da manyan notuna, galibi a wurare huɗu. Shi ne ƙaramin firam. A jikinsa ake kafa hannuwan ƙafar mota, a gaba kuma yakan ɗauki akwatin sitiyari, wani lokaci har da inji. A motoci da yawa ba a barin wannan ƙarfe ya haɗu da bodi kai tsaye. A duk inda noti zai ratsa ana sa bushin, wato roba mai tauri da aka manne tsakanin bututun ƙarfe biyu, na ciki da na waje. Aikinsa kamar na guringuntsi ne a gaɓa: yana shanye girgiza da ƙara, yana barin motsi ɗan kaɗan, amma yana riƙe komai a mazauninsa. Idan ya ci, ƙafar motar gaba ɗaya ce take fara zamewa, ba taya ɗaya ba.

Abin da ya bambanta motar lantarki

Motocin kai kaya masu aiki da batir sun yaɗu a biranen Turai da Amurka cikin shekarun nan. Nissan ya fara ƙera e-NV200 a Basalona a 2014, motar da ke jan ƙafafun gaba. Ford kuwa ya fito da E-Transit a 2022, ana haɗa ta a jihar Misuri ta Amurka da kuma Kocaeli a Turkiyya. Wannan ta biyun misali ce mai kyau, domin an sake fasalin bayanta gaba ɗaya. Transit mai shan dizal tana da sifirin mai falle-falle da gatari guda a baya, ita kuwa ta lantarki an ba kowace tayar baya hannunta da sifirin mai naɗi, aka kuma ɗora injin lantarkin a kan firam na baya. Ke nan bushin da ke wurin yana ɗauke da nauyin inji, yana kuma karɓar duk wani turi da injin ya yi.

Abubuwa uku ne ke ƙara wa bushin wahala a irin wannan mota. Na farko nauyi. Batir na E-Transit ta farko, mai kilowat-awa 68, yana shimfiɗe a ƙarƙashin daɓen motar, nauyinsa kuwa ɗaruruwan kilo ne, kuma ba ya raguwa ko an sauke kaya. Saboda wannan nauyi ne Birtaniya ta yarda mai lasin ƙaramar mota ya tuƙa motar kaya ta lantarki mai nauyin da ya kai kilo 4,250, maimakon 3,500 da aka saba. Na biyu ƙarfin murɗawa. Injin lantarki yana ba da kusan dukan ƙarfinsa tun daga tsaye, a E-Transit ƙarfin ya kai nuton-mita 430, don haka kowane tashi fizga ce ga robar. Na uku shi ne birkin da ke mayar da wuta cikin batir: da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin sai ya koma janareta ya riƙe motar, turin ya juya baya. Robar da aka matse ta gaba yanzu an ja ta baya. Motar da ke raba kaya gida-gida tana tsayawa ta tashi sau da yawa a yini, tana hawa kan dakalin titi da tudun rage gudu, saboda haka wannan kai-komo ba ya yankewa.

Ban da waɗannan, akwai maƙiyan roba na kullum: zafi, iskar da ke busar da ita har ta tsattsage, mai da ya ɗiga a kanta ya kumbura ta, da gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara, wanda ke sa bututun ƙarfen ya yi tsatsa ya rabu da robar.

Alamomin lalacewa da yadda ake tabbatarwa

Alama ta farko ƙara ce mai nauyi, kamar an buga guduma a ƙarƙashi, lokacin tashi ko lokacin da aka saki totur. Da yake motar lantarki ba ta da rurin inji, direba yakan ji wannan da wuri. Daga nan sai motar ta fara karkata gefe idan an taka wuta ta dawo idan an saki, sitiyari ya ƙi tsayawa a tsakiya, taya kuma ta riƙa cin gefe ɗaya ko da an yi alaimen kwanan nan.

Waɗannan alamomi ba na bushin firam kaɗai ba ne. Bushin hannun ƙafa, mazaunin inji, shokozoba ko sandar da ke hana mota tangaɗi duk suna iya yin irin wannan ƙara. Shi ya sa bakanike yake ɗaga motar ya haska fitila. Yana neman tsaga mai zurfi da ta ratsa robar, ko robar da ta ɓalle daga bututunta, ko jan garin tsatsa a kewayen noti, ko wurin da ƙarfe ya goge ƙarfe har ya yi sheƙi. Wasu bushin akwai ruwa a cikinsu. Idan sun fashe ana ganin tabon danshi. Sannan yana sa liba tsakanin firam da bodi ya ɗan danna. Lafiyayyar roba tana motsi kaɗan ta dawo, wadda ta mutu kuwa tana barin firam ya yi lilo. Ƙananan tsage-tsagen saman roba ba su isa hujjar sauyawa ba.

Kashe wuta kafin taɓa sifana

Batirin irin waɗannan motoci yana aiki da ƙarfin wuta na kusan volt 400, wanda zai iya kashe mutum nan take. Wayoyin da ke ɗauke da wannan wuta ruwan lemo ne, launin da masana'antu suka keɓe domin gargaɗi. Idan injin yana kan firam ɗin da za a sauke, waɗannan wayoyi suna kan hanyar aikin, don haka wanda ya sami horo a kan babbar wuta ne kaɗai ya kamata ya fara.

Ana kashe motar, a cire igiyar caji, a nisantar da makulli. Ana cire kan ƙaramin batir mai volt 12, sannan a katse babbar wutar ta wurin da kamfani ya tanada, a kulle shi, a rataya alamar gargaɗi. Bayan haka ana jira na mintunan da littafin motar ya faɗa, domin akwai sassan da ke riƙe wuta a cikin inbata, na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, ko bayan an katse. A ƙarshe ana aunawa da mita a tabbatar babu wuta, da safar hannu ta roba wadda aka gwada ta jure volt 1,000. Wajen ɗaga motar ma akwai ƙa'ida: ana sa hannuwan na'urar ɗagawa a wuraren da aka yi wa alama kawai. Jak da ya danna kwandon batir zai iya jawo asarar da ta ninka kuɗin gyaran sau da yawa, ko ma gobara.

Sauke firam da cire tsohon bushin

Kafin a kwance noti ko ɗaya, ana zana alamar mazaunin firam a jikin bodi, domin ramukan notuna suna da ɗan sarari, kuma kuskuren milimita kaɗan yana karkatar da ƙafar mota. Ana cire tayoyi da murfin ƙasa, a saki wayoyin na'urar ABS, bututun birki da maƙalansu, da bututun ruwan sanyaya inji idan sun hana sauka. Sifirin mai naɗi yana ɗauke da ƙarfi mai haɗari, sai an tallafe hannun ƙafa an sassauta shi a hankali. Daga nan ana kafa jak mai faɗin kai a ƙarƙashin firam. Idan firam mai ɗauke da inji zai sauka gaba ɗaya, nauyin motar zai koma gefe guda a kan na'urar ɗagawa, saboda haka ana ɗaure ta ko a tokare ta.

A wasu motoci ya isa a sauke firam da 'yan santimita a yi aikin a wurin, da na'urar zaro bushin mai dogon zare da kofuna biyu. A wasu dole a fito da shi a kai kan injin matsa. Akwai kuma motocin da kamfani ba ya sayar da bushinsu daban, sai firam ɗin dungurungum. A kowane hali, tsohuwar dabarar ƙona roba da wutar walda ba ta da wuri a nan: zafi yana raunana ƙarfe, musamman firam na alminiyam, kuma harshen wuta kusa da batirin litiyam ganganci ne. Idan bututun waje ya kafe da tsatsa, ana yanka shi da zarto daga ciki a hankali har ya saki, ba tare da an taɓa ramin ba.

Sa sabo da mayar da komai

Ana goge ramin, a duba ko ya tsage ko ya buɗe. Yawancin bushin firam suna da gurabe da aka bari a cikin robar da gangan, domin ta yi laushi ta wata fuska ta yi tauri ta wata. Saboda haka akwai kibiya ko tsaga da ke nuna inda zai fuskanta, da kuma zurfin da zai shiga. Wanda aka sa a karkace zai mutu da wuri. Ana tura shi a miƙe ta bakin bututun waje, ba ta tsakiya ba. Idan ana buƙatar santsi, ruwan sabulu ko abin da kamfani ya ambata ake sawa, domin giris da baƙin mai suna cin roba. Ana sauya na hagu da na dama tare, mafi kyau ma duka na firam ɗin, tunda wahalar saukewa ɗaya ce.

Akwai bushin na roba mai tauri da ake kira foliyuritan, wanda ya fi jure mai da nauyi, sai dai yana shigo da ƙara da girgiza cikin mota, abin da ya fi fitowa fili a motar da ba ta da ƙarar inji. Robar da ake yankowa daga tsohuwar taya, wadda aka sani a garejin bakin hanya, ba ta manne da ƙarfe kuma ba a auna taurinta ba, don haka ba za ta riƙe firam mai ɗauke da inji ba.

Wajen mayarwa ana daidaita firam da alamomin da aka zana, ko da sandunan saiti da ake zurawa a ramukan da aka tanada. Manyan notunan firam da yawa irin waɗanda ke ɗan miƙewa ne idan an ɗaure su, shi ya sa ba a maimaita su, sababbi ake sawa. Ana ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi zuwa adadin da littafi ya faɗa, sau da yawa a ƙara juyi na wasu digiri. Notunan hannuwan ƙafa kuwa ba a ƙarasa ɗaure su sai motar ta zauna da nauyinta a kan tayoyi. Idan an ɗaure su ƙafa na reto, robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin ɗan lokaci.

Bayan an mayar da wayoyi a maƙalansu yadda ba za su gogi ƙarfe ba, ana cika ruwan sanyaya a fitar da iska, a mayar da babbar wuta, a haɗa kwamfutar gwaji a duba ko akwai saƙon matsala. Alaimen na ƙafafu huɗu wajibi ne, kuma a motoci masu kyamarar lura da layin titi ana iya buƙatar sake saita ta tare da na'urar auna juyin sitiyari. Gwajin ƙarshe a kan titi ya haɗa da tashi da ƙarfi, sakin totur, da bin hanya mai gargada. Daga nan abin da ke tsawaita ran sabon bushin shi ne kiyaye iyakar lodin da aka rubuta wa motar, gyara duk wani yoyon mai da wuri, da duba robar a duk lokacin da aka ɗaga motar domin taya ko birki.