Inda Ya Dace a Kafa Mai Ba Wuta Hannu

Wutar lantarki ba ta jin umarni. Idan ta baro tasha, takan rarrabu a kan duk layukan da ke gabanta, amma mafi yawanta yakan bi wanda ya fi sauƙin bi. Sai a tarar wani layi ya ɗau zafi har wayarsa ta saki ta yi ƙasa, alhali maƙwabcinsa ko rabin kayansa bai ɗauka ba. Kuma wannan layi guda da ya cika shi ke tsayar da kowa.

Birtaniya ta daɗe tana fama da wannan. Iskar da ke juya injinan wuta ta fi yawa a Sikotilan, masu buƙata kuwa sun fi yawa a kudancin Ingila. Duk ranar da layukan tsakani suka cika, sai a biya masu injinan iska kuɗi su dakata, a kunna tashoshin gas a kudu. Asara biyu ke nan.

A 2021 kamfanin National Grid ya girka na'urori 48 masu suna SmartValve a kan layuka biyar, a tashoshi uku na arewacin Ingila: Harker, Penwortham da Saltholme. Aikinsu irin na manomin rani ne da ke danna laka a bakin wata magudana don ruwa ya karkata zuwa wata. Suna ƙara wa cikakken layi wahalar bi, ko su rage wa wanda ke da sarari. Kamfanin ya ce hakan ya buɗe hanyar ƙarin megawat 1,500, ba tare da an kafa sabon turke ba.

Sayen na'urar ba shi ne abin wuya ba. Sanin inda za a ajiye ta shi ne aikin. Injiniyoyi kan zana dukkan layukan ƙasa a kwamfuta, su gwada ranar iska da ranar da ta kwanta, damina da hunturu, sannan su riƙa katse layuka ɗaya bayan ɗaya su ga inda wutar za ta kwarara. Sau da yawa wurin da ya dace ba kan layin da ke kuka ba ne, can gefe yake. In aka kuskure, cunkoson ƙaura kawai zai yi.

Iyakar Jamus da Poland ta nuna haka. Wutar iskar arewacin Jamus takan ratsa layukan Poland kafin ta koma kudancin Jamus, ba da gayyatar kowa ba. A 2016 Poland ta kafa manyan taransifomomi masu karkata wuta a tashar Mikułowa. Amma layi biyu ne ke haɗa ƙasashen, don haka sai da aka kashe na arewa, wanda ke tsakanin Krajnik da Vierraden, na wani lokaci, har aka ɗaukaka ƙarfinsa aka sa masa nasa taransifomomin, don kada wutar da aka tare a kudu ta zagayo ta can.