Tsagar bango da doguwar tafiyar fayil: Wa ke duba gine-ginen makarantu, wa ke biyan kuɗin gyara?

Da hantsin ranar Juma'a 12 ga Yuli, 2024, ɗalibai na tsaka da rubuta jarrabawa a makarantar Saints Academy da ke unguwar Busa Buji a Jos ta Arewa, sai benen ya rufto musu. Gwamnatin Jihar Filato ta ce mutum 22 ne suka rasu, fiye da 130 kuma suka ji raunuka. Kafin motocin ceto su iso, iyaye da maƙwabta ne suka fara tonon ɓaraguzan da hannu da shebur.

Bayan 'yan kwanaki, Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wato NBRRI, ta fitar da rahotonta na farko. Ta nuna shakku a kan ingancin kankaren da aka yi amfani da shi, ta ce ba a ɗaure rodin dakin yadda ya kamata ba, kuma harsashin ginin bai kai girman da ake buƙata ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aibobi bai faru a safiyar ranar ba. Suna nan kwance tun lokacin da aka aza tubali, shekara da shekaru yara na hawa suna sauka, rasit na fita, rahoton ƙarshen zango na isa hannun iyaye, har ranar da nauyi ya fi ƙarfin ginin.

Tambayar da ta biyo baya ita ce wadda kan biyo bayan kowane irin wannan rashi: ina masu duba makarantu suke? Amsarta ta fi yadda ake zato tsawo, kuma wani ɓangarenta yana kan teburan ofisoshin Abuja.

Gwamnatin Tarayya na da sashen duba makarantu tun 1973, wanda daga baya aka sauya masa suna ya koma sashen tabbatar da ingancin ilimi a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. Jihohi ma kowace na da nata. Jami'an waɗannan sassa galibinsu tsofaffin malamai ne da shugabannin makarantu, kuma sun san aikinsu: su duba rajistar ɗalibai, su duba littafin tsara darasi, su zauna a bayan aji su saurari malami, su leƙa makewayi da ɗakin karatu. Suna iya rubuta cewa sili ya zazzago ko taga ba ƙyaure. Amma malamin Turanci da ya zama sufeto ba shi da horon da zai bambance tsagar da ta tsaya a filasta da wadda ta ratsa ginshiƙi, haka kuma ba ya yawo da na'urar gwada ƙarfin kankare. Wannan aikin injiniya ne, kuma injiniyan yana wata ma'aikata dabam, wadda ba ta da jadawalin zagaya makarantu.

A Babban Birnin Tarayya ana ganin rabuwar a fili. Sashen tabbatar da inganci na Sakatariyar Ilimi shi ke ba makarantu masu zaman kansu izinin aiki, yayin da sashen kula da tsarin gine-gine shi ke amincewa da taswirar gini. Mai makaranta na iya samun izinin gina gidan zama mai hawa ɗaya, bayan shekaru ya mayar da shi makaranta, ɗalibai su ƙaru, ya ɗora wani hawa a kan harsashin da ba a yi shi domin hakan ba. Duk wanda ya ratsa Nyanya ko Kubwa ko Lugbe ya ga gidajen haya da suka rikiɗe suka zama makarantu, da matakala guda ɗaya ƙuntatacciya da ɗaruruwan yara za su bi in wuta ta tashi. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006 ya tanadi sharuɗɗa a kan irin wannan, sai dai ya shafe shekaru ba tare da dokar da za ta ba shi haƙoran cizo a duk faɗin ƙasa ba.

Ko an duba ɗin ma, ba nan gizo ke saƙa ba. A ranar 13 ga Maris, 2019, wani bene ya rushe a unguwar Ita Faji da ke Tsibirin Legas, makarantar firamare na hawan ƙarshe, kimanin mutum 20 suka rasu. Hukumomin jihar da kansu suka ce an riga an shafa wa ginin alamar rushewa. Ke nan an zo, an gani, an rubuta, an shafa jan fenti, amma yara suka ci gaba da hawa kowace safiya. Rahoton dubawa da ba shi da ranar da za a koma a tabbatar an aiwatar, kuma ba shi da kuɗin gyara ko wurin da za a mayar da ɗalibai, amfaninsa kawai shi ne ya zama shaida a gaban kwamitin bincike.

Kada kuma a ɗauka matsalar ta masu makarantun kuɗi ce kaɗai. Kwalejin Queen's da ke Yaba, wadda aka kafa a 1927, tana cikin makarantun haɗin kan ƙasa sama da 100 da Gwamnatin Tarayya ke riƙe da su kai tsaye. A farkon 2017 ɗalibanta uku suka rasu, ɗaruruwa suka kwanta da gudawa da amai, kuma gwajin da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Legas ta yi ya gano ƙwayoyin cuta a ruwan da makarantar ke amfani da shi. A nan babu bangon da ya faɗi. Tankin ruwa ne da bututu da magudanar ƙazanta, abubuwan da ba a ƙaddamar da su da yanka kintinkiri, shi ya sa ba kowa ke ɗokin sa su a kasafi ba. Can gefe guda kuma akwai makarantun da ba su ma shiga jerin kowa ba, kamar makarantar allo ta Ƙauran Namoda a Jihar Zamfara, inda gobarar dare ta hallaka almajirai 17 a watan Fabrairun 2025.

Inda kuɗin ke maƙalewa

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar asusun Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, kuma hukumar UBEC ce ke raba shi. Rabin wannan kuɗi shi ne tallafin haɗin gwiwa da ake gina azuzuwa da gyara su da shi. Sharaɗin dokar shi ne jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta kafin ta taɓa ko sisi. A 2024 an ɗaga kason kowace jiha zuwa sama da naira biliyan 3.5. Manufar sharaɗin mai kyau ce, domin an so a hana gwamnoni naɗe hannu su bar wa Abuja nauyin firamare. Amma shugabannin UBEC, na da da na yanzu, sun sha kokawa cewa biliyoyin naira na kwance a asusu saboda jihohi sun kasa ajiye nasu kason, wasu ma na shekaru biyu ko uku a jere. Yaron da ke zaune a ajin da iska ta yaye wa kwano ba ruwansa da wanda ya saɓa alkawari tsakanin gwamna da hukuma. Shi dai ruwa ke dukansa.

Jihar da ta biya kasonta ma ba ta gama ba. Sai hukumar SUBEB ta rubuta jadawalin ayyuka, UBEC ta tantance ta amince, a tallata kwangila, a buɗe takardun neman aiki, a ba ɗan kwangila kuɗin somi. Wannan tsari ya dace da gina sabon rukunin azuzuwa shida, wanda in ya makara wata shida ba wanda zai mutu. Bai dace da ginshiƙin da ya fara zubar da filasta rodi ya bayyana ba, ko sokawen da ya tumbatsa kusa da rijiyar burtsatse. Makarantar da ba ta cikin jadawalin bana sai ta jira na baɗi, kuma ba sirri ba ne cewa wajen zaɓen makarantun da za su shiga jadawali, muryar ɗan majalisa ta fi ta shugaban makaranta kaifi.

Ƙasa da wannan akwai ƙananan hukumomi, waɗanda tsarin mulki ya ɗora musu hannu a samar da makarantun firamare da kula da su. Abin lura, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin ba su 'yancin karɓar kuɗinsu kai tsaye ne a ranar 11 ga Yuli, 2024, kwana ɗaya tak kafin ruftawar ginin Jos. Ko da hukuncin ya zauna daram, albashin malamai kaɗai na lashe mafi yawan abin da ke shigo musu. Mazauna Abuja ba sa buƙatar a ba su labari: a 2025 makarantun firamaren gwamnati na ƙananan hukumomin birnin shida sun shafe fiye da wata uku a rufe saboda yajin aikin malamai a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Hukumar da ta kasa biyan malami da wuya ta tuna da gara na cin azarar rufi.

Wani zai ce ai akwai shirin kare makarantu. Akwai shi kuwa. An ƙaddamar da shi a Abuja a watan Mayun 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, kuma a ƙarshen 2022 aka fitar da tsarin samar masa kuɗi na 2023 zuwa 2026 da aka ƙiyasta a kan naira biliyan 144.8. A 2021 ma an fitar da mafi ƙarancin ƙa'idojin da makaranta za ta cika kafin a kira ta mai aminci, waɗanda suka taɓo har da bala'o'i da lafiyar muhalli. Sai dai a aikace hankali ya fi karkata ga 'yan bindiga, ga katanga da ƙofa da jami'an tsaro, kuma ba a ga laifin kowa ba idan aka duba abin da aka sha a Kankara da Jangebe da Kuriga. Illa dai katanga mai tsawo ba ta hana dakin ruftowa a kan waɗanda ta kewaye.

Abin da ke hannun ma'aikaci

Ba kowane gyara ne ke buƙatar sabuwar doka ba. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, a sashe na 43, ta yarda ma'aikata ta ba da aiki kai tsaye ba tare da doguwar talla ba idan akwai barazana ta gaske ga rayuka, da sharaɗin ta miƙa cikakken rahoto ga hukumar BPP da zarar an wuce halin gaggawar. Jami'ai da yawa na gudun wannan sashe, wasu don tsoron tambayar mai binciken kuɗi, wasu don sun ga yadda aka sha fakewa da kalmar gaggawa aka yi ɓarna. Abin da ke kare jami'i a nan shi ne takarda mai ƙwari: rahoton injiniya mai rajista da hukumar COREN, da hotuna masu kwanan wata, da ƙiyasin kuɗi dalla-dalla. Wasiƙar shugaban makaranta da ta ce kawai gini ya lalace kan kwana a tire. Wadda ta zo da hatimin injiniya cewa a kwashe yara nan take tana sa duk wanda ya sa hannu a kanta ya san sunansa ya shiga maganar.

Akwai kuma hanyar da UBEC ta riga ta gwada, ta tura kuɗi kai tsaye ga kwamitocin kula da makarantu na al'umma domin ƙananan ayyuka, al'umma su ƙara da nasu ƙarfin ko kayan aiki. Inda kwamiti ke da rai, kafintan gari kan maye kwano goma a mako ɗaya a kan kuɗin da bai kai na tallata kwangila a jarida ba. Inda kwamitin ya zama na maigari da surukansa kuwa, kuɗin kan narke. Duk da haka, wannan ita ce hanya mafi kusa da abin da ake buƙata, wato asusu ƙarami da ke kusa da makaranta, mai saurin buɗuwa, mai tsananin bincike daga baya. Raunin shirin shi ne ba kowace makaranta yake kaiwa ba, kuma ba a tsara shi domin amsa kiran gaggawa ba.

Abin da ya fi komai ƙaranci shi ne jeri. Ana ƙidayar makarantu, ana tambayar yawan azuzuwa masu kyau da marasa kyau, amma kalmar "maras kyau" na haɗa ajin da fentinsa ya koɗe da wanda bangonsa ya karkace. Mai raba kuɗi na buƙatar matakai uku ko huɗu: wanda za a rufe yau, wanda za a gyara kafin damina, wanda zai iya jira. Hadimin ministan ko na ɗan majalisa da ke tsara ayyukan mazaɓa zai iya neman irin wannan jeri daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kafin ya rubuta sabon ɗakin taro ko fitilun titi. Gyaran makewayi ba ya ɗaukar allon suna mai girma, amma ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma yana cikin dalilan da ke sa 'yan mata da suka fara girma su zauna a makaranta ko su daina zuwa.

Sai batun lokaci, wanda ma'aikata suka fi kowa sani. Iskar farkon damina da ke yaye rufi tana zuwa ne a Afrilu da Mayu. Dogon hutu, lokacin da azuzuwa ke zama fanko, yana faɗawa ne a Agusta, tsakiyar ruwa, sa'ad da ba magini mai hankali da zai buɗe rufi. Watannin da suka fi dacewa da aikin su ne Nuwamba zuwa Maris, kuma a daidai nan ne ake rufe littattafan tsohuwar shekara, sabon kasafi kuma bai fara sakin kuɗin manyan ayyuka ba. Ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 sai da aka tsawaita wa'adinsa har zuwa ƙarshen 2025. Makarantar da aka duba a Nuwamba, aka sa ta a kasafin Janairu, kuɗinta ya fito a Satumba, ta riga ta sha damina guda cur a ƙarƙashin rufin da sufeto ya rubuta cewa ba zai kai baɗi ba.