Shekara Goma Sha Ɗaya Ana Ƙaura Daga Tsohon Python Zuwa Sabo

Ran 1 ga watan Janairu na 2020 ne masu kula da harshen nan na kwamfuta da ake kira Python suka janye hannunsu daga bugu na 2 na harshen, watau suka daina toshe duk wata ɓaraka da za a gano a cikinsa. Magajinsa kuwa, bugu na 3, tun watan Disamba na 2008 ya fito. Ashe ke nan sai da aka yi shekara goma sha ɗaya ana lallashin jama'a su bar tsohon gida su koma sabo, alhali ba a ce kowa ya biya ko kwabo ba.

Kafin a gane dalilin wannan jinkiri, sai an san yadda ake gina manhaja. Mai rubuta manhajar biyan albashi, alal misali, ba ya fara kome daga tushe. Akwai rumbunan umarni da wasu suka riga suka tanada, wani na lissafi, wani na kwanan wata, wani na aika saƙo ta intanet, shi nasa ya ɗebo ya haɗa. Su ma rumbunan a kan wasu rumbunan suke zaune. Abin da ke riƙe da wannan gini duka alkawari ne guda: abin da ya yi aiki da bugun jiya zai yi aiki da na yau. Duk akawun da aka taɓa dawo masa da tarin baucoci don an sake fasalin fam ba tare da sanarwa ba ya san zafin saɓa irin wannan alkawari.

To, wannan alkawari ne Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan wanda ya fara fitar da Python a 1991, ya saɓa da gangan shi da abokan aikinsa, kuma suna da hujja. Tsohon bugun yana da nau'in rubutu iri biyu, yana kuma cuɗanya su a ɓoye bisa tsarin ASCII, wanda alamomi 128 kacal ya sani. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsu. Saboda haka manhaja takan yi wata da watanni tana aiki lami lafiya, sai ran da aka shigar mata da suna irin Ƙaura Namoda ta tsaya cik. Bugu na 3 ya mai da Unicode, tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya, ya zama tushen kowane rubutu. Gyara ne na ƙwarai, masu harsuna irin Hausa kuwa suna cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa.

Amma ba a nan aka tsaya ba. An sake yadda ake rubuta umarnin print, wanda da ƙyar a sami manhajar da ba ta da shi. An kuma sake ma'anar rabawa: a tsohon bugu 7 a raba 2 yana ba da 3, a sabo kuwa 3.5. Na farkon ya fi jawo ƙorafi, amma na biyun ya fi haɗari. Wancan yakan tsai da manhajar nan take har a gyara, wannan kuwa sai ya bar ta ta ci gaba da aiki tana fid da wata amsa dabam, ba wanda ya sani.

Daga nan sai aka shiga kallon kallo. Kamfanin da ke dogara da rumbuna ashirin ba shi da halin ƙaura sai duk ashirin ɗin sun ƙaura, ko ɗaya ya rage ya riƙe shi. Masu rumbunan kuma, waɗanda da yawansu aikin sa kai suke yi bayan an tashi daga ofis, ba su ga dalilin wahalar da kansu saboda bugun da ba kowa ke amfani da shi ba. NumPy, babban rumbun lissafi, ya karɓi bugu na 3 a 2010. Django, wanda ake gina shafukan intanet da shi, sai a 2013, shi ma a matsayin gwaji.

Dole masu harshen suka sassauta. A 2010 suka fitar da bugu na 2.7 don ya zama gada tsakanin biyun. A 2012 suka maido da wata alamar rubutu da suka soke, domin a iya rubuta umarni guda da zai yi aiki a kowane ɓangare, dabarar da ta fi na'urar juya tsohon rubutu zuwa sabo da aka fara dogara da ita amfani. A 2014 kuma van Rossum ya ɗaga wa'adin bugu na 2 daga 2015 zuwa 2020.

Abin lura shi ne, igiyar da ta ɗaure jama'a ita ce daga baya ta ja su. Da Django ya daina karɓar bugu na 2 a ƙarshen 2017, NumPy ya bi sahu a 2019, sai wanda ya noƙe ya tarar ba ya samun sabon gyara daga ko'ina. Manyan kamfanoni irin su Instagram da Dropbox suna da ma'aikatan da za su yi aikin, sun kuwa yi. Nauyin ya fi faɗawa kan ƙananan ofisoshi da ɗakunan bincike na jami'o'i, inda sau da yawa wanda ya rubuta manhajar ya daɗe da barin wurin, ko ɗalibi ne da ya karɓi digirinsa ya tafi.

Tun daga lokacin ba a sake irin wannan rushe-rushe a tashi ɗaya ba, ko da yake ba a daina soke abubuwa ba. Ka'idar yanzu ita ce a yi gargaɗi na aƙalla bugu biyu kafin a cire wani abu. Bisa wannan hanya aka cire distutils, tsohon kayan ɗaure rumbuna, a bugu na 3.12 cikin 2023, aka kuma cire wasu tsofaffin sassa goma sha tara a bugu na 3.13 cikin 2024. Sabon bugu yana fitowa kowace shekara cikin watan Oktoba, kowanne kuma shekara biyar ake kula da shi. Ma'aikatar da ta sayi manhajar da aka gina kan bugu na 3.9, wanda ya fito a 2020, wa'adinta ya riga ya cika tun Oktoban 2025.