Man huhu da tsokar da ke shaƙe mai asma

Duk wanda ya taɓa fama da jiƙaƙƙiyar leda ya san yadda take mannewa, sai ka yi ta murza bakinta da yatsu kafin ta buɗe. Ruwa ne ke riƙe ta. To cikin huhun mutum kullum a jiƙe yake, ga ƙananan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi, bangonsu ya fi leda laushi nesa ba kusa ba. Me ya hana su mannewa in mun fitar da numfashi?

Wani mai ne da huhu ke yi da kansa, likitoci na ce masa safaktan. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa kitse ne, sauran furotin. Yakan shimfiɗu a kan damshin, ya rage ƙarfin da ruwa ke jan juna da shi. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano a Amurka cewa rashinsa ke kashe bakwaini da yawa. A 1980 Tetsuro Fujiwara ya zuba wa bakwaini goma a Japan wanda aka samo daga huhun shanu, numfashinsu ya gyaru.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikinsa a bututun da iska ke bi kafin ta kai ga jakunkunan. Kowane bututu kewaye yake da zoben tsoka, irin wadda ba ta jin umarnin mai ita, kamar ta hanji. Da ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa mai asma, sai zoben ya tsuke, ka ji ƙirjinsa na kuka, yana neman iska da ƙyar.

A nan man yana taimakawa ta fuska biyu. Ta farko mai sauƙi ce: a siririn bututu, ɗan damshi kan taru ya toshe hanya, kamar ɗigon lemo da ya maƙale a tsinken sha, shi kuwa man ya hana shi taruwa. Ta biyun ce ta fi ba ni mamaki. A 2006 masu bincike a Kalgari ta Kanada suka yanko zobban bututun huhun ɓera, suka sa musu maganin da ya tsuke su, sannan suka zuba safaktan. Sai tsokar ta saki. Da suka kankare fatar da ke lulluɓe cikin bututun, ko suka hana ta fitar da sinadarin furostagilandin, sakin ya dushe. Ashe man ba shi ke taɓa tsokar da kansa ba, aike yake yi: ya zuga fatar, ita kuma ta ce wa tsoka ta sassauta.

Inda gizo ke saƙa shi ne, in bututun mai asma ya kumbura, furotin na jini kan tsiyayo ciki ya ɓata man. Cutar da kanta ke lalata abin da zai sassauta ta.

Sai dai kada a yi gaggawa, ɓera ba mutum ba ne. Har yanzu safaktan maganin bakwaini ne a asibiti, ba ya cikin magungunan asma na yau da kullum. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, musamman in hunturu ya kama.